Bashi Hanji Ne

Wata tara injin casarmu yana kwance,
zanzaro ya gina ɗaki a bakin salansa,
akuyar Ilu ta haihu a gindinsa.
Mu talatin da muka haɗa jari a ƙasar Auyo,
in mun haɗu sai gaisuwa a taƙaice,
kowa ya sa takalminsa yana kallon ƙasa.

Wasu suka ce sammu ne.
Wasu suka ce bakaniken Haɗeja ne ya cuce mu,
ya cire sabon ƙarfe ya maƙala tsoho.
Ni magatakarda ban ce komai ba,
na san inda nake ajiye bakina.

Sai aka kira Tsahare,
wadda ta shekara ashirin a kasuwar Gujungu
tana riƙe wa 'yan riɗi lissafi.
Ta zo a bayan babur ranar Laraba,
da tabarau mai ƙafa ɗaya, ɗaurin zare.
Muka ja ta wurin inji, ta ƙi ko leƙawa.
Ta ce, "Ƙarfe ba ya cin kuɗi shi kaɗai.
Ina littafi?"

Na kawo shi, gara ta ci gefensa.
Ta zauna kan turmi a inuwar darbejiya,
tana lasar yatsa tana juya shafi,
daga hantsi har kiran la'asar.

Buhu goma sha biyu na surukin shugaba,
an case, za a kawo bayan kaka.
Kaka uku ta wuce.
Jarkar dizal takwas a rubuce,
injin kuwa shida yake sha.
Ɓuntu da dusa, da masu kaji ke nema da kuɗi,
mun bar wa iska da duk mai kwando.
Ga rumbun ajiya da muka soma da bulo ɗari tara,
ya tsaya a linta yana shan damina,
alhali bel ɗin inji bai samu magaji ba.

Ta ɗago kai a shafi na sha huɗu.
Ba ta kira suna ba, ta dai dube ni
ta saman tabarau.
Buhu biyar ne, da rubutun hannuna,
shekarar da na aurar da Haladu.
Gumi ya tsatso mini har tafin ƙafa.
Ta ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Wanda ya fara fito da nasa shi zai buɗe hanya."

Washegari na kora tunkiyata kasuwa.

Abin da ta yanka bai yi wa kowa daɗi ba.
Rumbu ya jira, a sayar da bulon da ya rage.
A biya kafin a zuba, ko da limami ne.
A auna mai da safe a gaban mutum biyu.
Makulli ya bar aljihun shugaba.
Mutum bakwai suka ce a ba su nasu su tafi,
ta ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba,
huɗu suka zauna, uku suka tafi,
har yau ɗaya ba ya amsa mini sallama.

Ran da injin ya yi tari ya kama,
baƙin hayaƙi ya kori zanzaro,
yara suka sheƙo daga fadama da taɓo a ƙafa.
Tsahare ba ta nan, tana Gujungu.

Yanzu kwana uku yake aiki a mako.
Riba ba ta kai a kira ta da ƙarfi ba.
Surukin shugaba ya kawo kuɗin buhu bakwai,
saura biyar, ina rubuta su kowane wata
a sabon littafi mai bangon shuɗi
da nake ratayewa inda gara ba ta kaiwa.